Yadda Ake Shuka Furen Turawa a Girbe Tafasa

Ɗan'uwa, gyara zama, ka ajiye wayar nan. Abin da zan koya maka yau ba a koyar da shi a makarantar aikin gona, domin su can mutane ne marasa buri: abin da suka shuka shi suke jira ya fito. Ni Abdulbaƙi na unguwar Djamboutou, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana buga hatimi a buro, wato ofis, har gwamnati ta ce ya je gida ya huta, na yi maka alkawari. In ka bi matakan nan yadda na jera su, kafin damina ta raba tsakiya bayan gidanka zai yi kore shar, matarka za ta daina kallonka kamar mataccen firjin da aka rasa inda za a kai shi, surukarka kuma za ta sa maka albarka da bakinta. Tabbas ne, kamar zafin Garoua a watan Afrilu. A kaina na gwada.

Mataki na ɗaya: Ka samu abin da za a ƙwace maka

Babu namiji mai hankali da zai tashi haka kawai ya ɗauki fartanya bayan ya haura hamsin. Sai an matsa masa. Don haka ka fara neman mai matsa maka.

Ni nawa a cikin dangi Allah ya ba ni shi. A bayan ɗakinmu akwai wani ɗan fili, da darbejiya a gefe, da kujerata ta kishingiɗa a ƙarƙashinta. A nan nake kwanciya daga azahar zuwa la'asar, ina nazarin al'amuran duniya ido rufe. In aka ce in zaɓa tsakanin wurin nan da fanshona, sai na ce a ba ni lokaci in yi shawara.

Sai ga Wada. Wada ƙanin matata Karimatu ne, dillali a kara, kasuwar dabbobi. Mutum ne da ko filin idi ya kalla, lissafin ragunan da zai ɗauka yake yi. Na buɗe ido wata rana na gan shi yana auna filina da ƙafa.

"Mijin Yaya, wannan fili asara yake yi. Ka bar ni in kafa turaku in ɗaure ragunan kiwo. Me ma kake shukawa a nan?"

"Minshari," in ji Karimatu daga bakin murhu. "Kuma yana yi masa albarka, kullum sai ya girbe."

A irin wannan lokaci kada ka yi tunani. Tunani shi ke hana mutum shiga tarihi. Ka buɗe baki kawai, abin da ya fito ya fito.

"Lambu zan yi," na ce. "Na ganye da na fure. Irin na Turai."

Karimatu ta ajiye muciya, ta goge hannu a zani, ta zo har gabana.

"To, Malam, alhamdu lillahi. Hajja za ta zo daga Mindif tsakiyar damina. Ranar da ta sauka, in na tsinki ganyen da zan yi mata miya a bayan ɗakin nan, fili naka ne. In ban samu ba, Wada ya kawo ragunansa, kai kuma ka kai kujerarka inda ka ga dama."

Hajja ita ce mahaifiyarsu, wato surukata. Wada ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Ga hikima kyauta: namijin da ya yi alkawari a gaban ƙanin matarsa, tamkar ya dangwala yatsa ne a gaban alƙali.

Mataki na biyu: Ka nemi gwanin da bai fi ka sani ba

Kada ka kuskura ka je bakin kogin Binuwai wurin masu lambu. Shawara mai amfani za su ba ka, ita kuwa shawara mai amfani aiki ne ke biye da ita. Ka nemi irinka.

Ni katanga na leƙa na kira maƙwabcina Roger, tsohon malamin sakandare, mai tukwanen fure jere a baranda. Sai daga baya na gano rabinsu na roba ne. 'Yarsa da ke karatu a Faransa ta aiko masa da iri kala-kala cikin 'yan takardu masu sheƙi, ya rasa inda zai zuba su don tsakar gidansa duk siminti ne.

"Voisin, maƙwabcina! Allah ne ya kawo ka. Dubi karas kamar hannun jariri. Dubi salak. Dubi wannan furen, sunansa kaɗai sai ka sha ruwa kafin ka faɗa."

A jikin kowace takarda akwai hoton wata Baturiya da malafa tana murmushi, ko ɗigon gumi babu a goshinta. Na ce a raina, in mace mai wannan farcen ta iya, ina ga ni da na yi aikin gwamnati?

Muka sa tabarau muka karanta bayan takarda. An rubuta a shuka a printemps, ɗaya daga lokutan shekara huɗu na Turawa.

Nan fa ake yin ta. Ni da Roger duk mun san printemps. Da bulala aka koya mana shi a firamare, shi da 'yan'uwansa uku, har waƙarsu muke rerawa. Abin da malamin bai taɓa gaya mana ba shi ne ranar da yake sauka a Garoua. Mu dai abin da muka sani zafi, sai zafin da ya fi shi, sai ruwa, sai ɗan sanyin nan da ke sa mu sa riga a kan riga muna yi wa juna jaje.

"Maris da Afrilu ne," in ji Roger. "A littafi yake. Ilimi ba shi da ƙasa, voisin."

"Amma a Afrilu ko ƙadangare ɗaga ƙafa yake yi in zai taka ƙasa."

"Wanda ya rubuta takardar nan ya fi mu karatu ko bai fi mu ba?"

Ya fi mu. Magana ta ƙare.

Mataki na uku: Ka yi shigar aiki tun kafin aikin

Ka sayi malafa irin ta Baturiyar. Ka sayi takalmin roba mai kaiwa gwiwa, da butar ban ruwa mai kan rariya. Ka haɗa su duka a jikinka ka bi ta gaban majalisar unguwa a hankali, kamar ba ka so a gan ka. In an ce, "Jam na, Malam Abdulbaƙi, ina zuwa haka?" ka ja numfashi ka ce, "Jam. Wallahi jardin ne ya hana ni sakat." Kada ka ce lambu. Lambu kowace tsohuwa tana da shi.

Takalmin zai dafa maka ƙafa kamar dankali. Ka daure, girma ba ya zuwa a banza.

Mataki na huɗu: Ka roƙi taki wurin abokin gaba

Ƙasar bayan ɗakina ta fi zuciyar mai karɓar haraji tauri. Roger ya ce taki take so, kuma duk danginmu mutum ɗaya ne Allah ya yi wa arzikin kashin shanu. Na haɗiye girman kai na je kara, na sami Wada yana duba haƙoran wani bijimi.

"Taki? Mijin Yaya, ai ko yanzu. Ga shanu can sun iso daga Touboro, tun daga can suke cin dajin Allah, a nan suke sauke shi. Zan aiko maka, kyauta."

"Kai Wada, tun yaushe ka san kyauta?"

"Don in ragunana sun tare su tarar da ƙamshin gida ne."

Ya cika alkawari har ya zarce. Amalanke bayan amalanke, sai da tsibi ya kai ƙirji a ƙofar gida. Ƙudajen Garoua kaf suka yi ƙaura zuwa layinmu. Liman ya sauya hanyar zuwa masallaci. Karimatu ta yi kwanaki tana yi mini magana ta cikin mayafi.

Masana za su ce a bar taki ya ruɓe, a tankaɗe shi, a tsince abin da ke ciki. Kada ka saurare su. Ka kwashe shi yadda yake ka baza, da duk abin da saniyar ta ci a hanya. Ka riƙe wannan da kyau, don duk cikin matakan nan shi kaɗai ne noma.

Mataki na biyar: Ka shuka a printemps, ka ga ikon Allah

Wata yamma a ƙarshen Maris hadari zai haɗu, a yi ɗan yayyafin nan da ake kira ruwan mangwaro, wanda ko tsakar gida ba ya jiƙawa. Tsofaffi ko tabarma ba sa naɗewa dominsa. Kai kuwa ka fito da gudu. Ranar da namu ya sauka, Roger ya ɗago kai ta katanga yana ihu, "Le printemps! Voisin, ya iso!" Muka ja fangali, muka zuba iri, muka soke kowace takarda a kan tsinke a bakin wurinta don Baturiya ta sa ido.

Washegari rana ta fito da niyya.

Daga nan ka zama bawan buta. Safe ruwa, yamma ruwa. In famfo ya ɗauke, ka koma randar matarka. In ta kama ka, ka koma yin alwala a kan karas, kana wanke kowace gaɓa a tsanake. Karimatu ta ce ba ta taɓa ganin tsoron Allah ya kama mutum farat ɗaya haka ba.

Za su tsiro. Wallahi za su tsiro, 'yan siraran abubuwa kamar gashin da ya rage a tsakiyar kaina. Na yi rawa da takalmin roba. Na kira Roger muka tsuguna muna yi musu magana da Faransanci don kada su ji baƙunta. Da azahar salak ya leƙo ya ga ranar Garoua, ya kwanta, bai sake tashi ba. Abin da rana ta bari ƙadangaru suka yi walima da shi, suna ci suna gyaɗa mini kai. Furen nan mai wuyar suna ko fitowa bai yi ba, ina jin tun a cikin ƙasa aka ba shi labari. Baturiyar ma da ke kan tsinke sai da ta koɗe.

Roger ya zagayo ta ƙofa, ya cire hula ya riƙe a ƙirji, ya yi mini ta'aziyya.

"Mes condoléances, voisin."

Na ce masa haƙuri namu ne duka.

Mataki na shida: Ka iya bayani

Yanzu kana da fili mai warin kara, babu ko ganye ɗaya a cikinsa. Kada ka nuna a fuska. Duk wanda ya tambaya ka ce iri yana hutawa. Ka ce irin Turai sai ya saba da ƙasa tukuna, kamar sabon ma'aikacin da aka turo daga Yaoundé.

Wada zai fara zuwa gaisuwa a kai a kai, kowane zuwa da turke a kafaɗa, ya jingine shi a bango.

"Ba wani abu ba ne, Mijin Yaya, ajiya ce. Yaya hutun irin namu? Ya farka?"

Ka ce masa yana gaishe shi. Sannan ka koma kujerarka ka kwanta, ka ƙura wa darbejiya ido kamar mai bankwana. Barcin ba zai zo ba. A lokacin ne za ka gane da gaske kake son wurin nan.

Mataki na bakwai: Kada ka yi komai

Wannan matakin yana yi wa wasu wuya. Ni a nan baiwata take.

Ruwan gaskiya ya sauka, irin mai cika kwalbati ya tsayar da 'yan babur a ƙarƙashin rumfa. Aka sake, aka kuma. Wata safiya na zagaya baya na tsaya cak. Kore! Ko'ina kore, cikin fangali da wajen fangali, har ƙarƙashin kujerata. Na ƙwala wa Roger kira, ya zo da tabarau da koɗaɗɗun takardunsa, muna gwada hoto da ganye. Ba karas ba ne. Ba salak ba ne. Roger ya ce wataƙila furen ne ya sauya kama saboda yanayi.

Na murza ganye ɗaya na shinshina. Wannan warin na san shi tun ina yawo ba wando. Tafasa ce, tafasar nan ta bakin juji. Ga gasaya can, ga lalo a jikin bango, ga alayyafon daji. Duk abin da shanun Touboro suka ci a hanya sun kawo mini shi har gida, iri da takinsa a dunƙule ɗaya.

Kunya ta rufe ni. Mutumin da ya bi ta gaban majalisa da malafa yana cewa jardin, a ce tafasa ya noma? Na ɗauki fartanya zan share su kaf kafin wani ya gani. Sara ɗaya na yi, bayana ya ce ƙas. Na lallaɓa na kwanta, na ce gobe. Gobe ta zo na ce jibi.

Ƙarin hikima: da yawan manoma himma ce ta cuce su.

Karimatu ta zo ta tsaya a kan ganyen, ta kalle su, ta kalle ni.

"Malam, wannan ne na Turan?"

"Reshensu ne na Afirka."

Wada kuwa da ya gani sai ya hau kumfar baki. "Ciyawa ce! Yaya, ai lambu aka ce! Wannan abincin ragunana ne ya fito tun kafin su zo!"

"Ku bari Hajja ta iso," in ji Karimatu. "Abin da ta ce, shi ke nan."

Mataki na takwas: Ranar da surukarka ta sauka, ka zama bango

Ka san al'ada. Suruki ba ya haɗa ido da uwar matarsa, ba ya ci a gabanta, ba ya miƙe ƙafa inda take. Ita ma ba ta kama sunanka. In tana da magana da kai sai ta faɗa wa 'yarta, kana tsugune a wurin. Shekara da shekaru ina ganin takura ce. Ranar na gane gata ne, domin wanda ba a ba shi bakin magana ba, da wuya a kama shi da ƙarya.

Hajja ta sauka daga motar Maroua, ta sha ruwa, ta yi salla, ta ce a nuna mata abin da ake ta faɗa mata a waya. Na cire takalmi na tsuguna can nesa, kaina a ƙasa. Wada ya riga ya iso da rago guda a igiya, wai ya kawo shi ganin gida.

Hajja ta dogara sandarta ta shiga cikin ganyen. Ta sunkuya ta tsinki ɗaya ta murza. Ragon Wada ma ya daina tuƙa.

"Tasba!" ta ce da Fillanci, don ita in abu ya kai mata zuciya Hausa ba ta isarta. "Karimatu, tafasa a tsakiyar birni! Ga gasaya! Ga lalo! Ke, duk zuwan da nake yi gidan nan da me kuke tarbata? Makaroni. Shinkafa da wani jan ruwa. In koma Mindif cikina yana kuka. Ki tambayi mai gidan, wa ya gaya masa abin da nake marmari?"

Karimatu ta juyo, kumatunta suna rawa don dariyar da take dannewa.

"Malam, Hajja tana tambaya."

Na ƙara sunkuyar da kai. "Ki ce mata ba komai, ai wajibi ne."

"Hajja!" Wada ya yi tsalle. "Wallahi bai shuka ba! Furen Turawa ya shuka suka mutu! Wannan kashin shanuna ne!"

"Rufe mini baki. Kai da kake wuni cikin kashin shanun tun kana ƙarami, ka taɓa kawo mini ganye ɗaya? Fitar mini da ragon nan kafin ya taɓa mini lalo. Karimatu, ki ce wa mai gidan Allah ya yi masa albarka. Boɗɗum, ya kyauta. Ki ce na ce yaron kirki ne."

Yaron kirki! Da furfurata! Na ja da baya a tsugune har na sha kwana, sannan na miƙe na yi rawar da rabona da ita tun ranar aurena, ciwon baya ko gezau. Roger ya ji labari ta katanga ya hau tafi. Wada ya kwashe turakunsa ɗaya bayan ɗaya, ni na taya shi ɗora na ƙarshe a kafaɗa, don ni ba mai riƙo ba ne.

Mataki na tara: Ka ci nasara, sannan ka nemi wurin zama

Washegari bayan azahar na yi wanka, na ɗauki matashina, na nufi filin da na ƙwato da gumin shanu. Ina shan kwana na ja birki.

Hajja ce kishingiɗe a kujerata, ƙarƙashin darbejiyata, da faifai a cinya tana tsinkar tafasa, iskata tana kaɗa mata mayafi.

"Karimatu, ki ce wa mai gidan wurin nan akwai iska. Duk Garoua ban taɓa jin irinta ba."

Na tsuguna na ce a ce mata Allah ya sa ta ji daɗinsa. Na juya da matashina a hammata.

Al'adar nan da ta cece ka jiya, ita ce dai yau. Ba ka miƙe ƙafa inda surukarka take, balle ka buɗe baki ka yi barci.

'Yan kwanaki ta zo yi. Da aka tambaye ta komawa, ta ce sai an shanya ganyen rani. Aka shanya, ta ce sai gasaya ta yi 'ya'ya a ɗebi iri. Yanzu tafasa ta yi fure ruwan ɗorawa, gasaya ta yi fari, har Roger ya ɗauki hoto ya aika wa 'yarsa, ta ce ba ta taɓa ganin irinsa a Faransa ba. Tsofaffin matan unguwa sun gano wurin, kullum bayan azahar sai sun hallara da faifansu, ana tsinka ana cin naman surukai, ni kaɗai ake warewa a yaba. Jiya na ji Hajja a waya da mutanen Mindif tana cewa a aiko mata da sauran kayanta, kuma a gaya wa Wada ya tanadi takin baɗi da wuri.

Ni kuwa ina zaure a kan benci, zaune tsaf kamar mai jiran likita. A nan nake rubuta maka wannan darasi. Miyar tafasa rana da yamma. Fili dai nawa ne, duk unguwa ta shaida.

Sanarwa

Duk abin da ya same ka bayan karanta wannan, kai ka jawo wa kanka. In bayanka ya riƙe, ko maƙwabta suka kai ƙararka wurin mai unguwa, ko ka yi rashin sa'a shanun da aka kawo maka takinsu ƙaya zalla suka ci a hanya, kada ka zo ƙofata. In kuma surukarka ta zo ta ga wuri ta zauna, ni ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba. In ka matsa sai ka zo, to ka taho da bencinka, nawa mutum ɗaya yake ɗauka. Kuma ka yi sallama a hankali, Hajja tana barci.